Neman kalmar Hausa: me za mu kira "cozy mystery" da "political biography"?

Tafinta: Assalamu alaikum. Malamai, ga wata matsala ta fassara. A bangon baya na littattafan Turanci akan sa gajeren bayanin marubuci, kuma akwai wanda za a ce yana rubuta "humorous cozy mysteries" da "political biography". Na biyun kamar mai sauƙi ne, ko da yake shi ma yana da tarkonsa. Na farkon ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ga abin da ake nufi, don kada mu yi ta lalube cikin duhu. Labarin kisan kai ne a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Mai gano wanda ya aikata ba ɗan sanda ba ne: wata tsohuwa ce, ko mai gidan burodi, ko ma'aikaciyar laburare. Ba a nuna jini, ba batsa, ba ashar. Gawar ma tsintar ta ake yi bayan an gama aika-aikar. Sannan akwai raha daga farko har ƙarshe. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead, wadda cikakken littafi na farko a kanta ya fito a 1930. Abin da na ga ana rubutawa shi ne "labarin asiri", "labarin al'ajabi", "labarin bincike", da "labarin 'yan sandan ciki". Babu wanda ya kwanta mini.

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam. Malam, mu raba aikin biyu. A fara samun sunan uwar, wato "mystery", kafin a raɗa wa 'yar suna.

"Asiri" da "al'ajabi" a cire su tun yanzu, domin ba kuskure kaɗai ba ne, kishiyar abin ne. Bahaushe ya ji "labarin asiri", boka da laya da sammu za su zo masa. Ya ji "al'ajabi", zai sa ran aljanu da tsuntsu mai magana. Shi kuwa wannan nau'i an gina shi ne kan haramta su. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya wallafa ƙa'idoji goma na irin wannan labari. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun a farkon littafi; ba a warware matsala da tsafi ko wani abin gaibu; ba a ƙirƙiro gubar da duniya ba ta sani ba; ɓoyayyen ɗaki ko ɓoyayyiyar hanya kada su wuce ɗaya; ba a fito da tagwaye a ƙarshe sai an riga an shirya mai karatu; kuma duk abin da mai binciken ya gano dole a nuna wa mai karatu shi. Wato kacici-kacici ne mai tsawo, wanda marubuci ya yi alkawarin ba zai yi maguɗi ba. Sunan da za mu ba shi dole ya nuna aikin ƙwaƙwalwa.

Ina ba da shawarar "labarin bin diddigi".

Edita: Na goyi bayan Malama. "Bincike" ta yi faɗi da yawa. A jami'a kundi ne, a asibiti gwajin jini ne, a jarida rahoto ne. Ka rubuta "littafin bincike" a bango, ɗalibai za su saya su dawo maka da shi. "'Yan sandan ciki" kuma sunan wani reshe ne daban, wanda ake bin ma'aikata da ofis da fayil da ɗakin gwaje-gwaje.

Gwajin da ake yi wa sabuwar kalma kafin a buga ta ba shi da wuya. A sa ta a jimla uku, ɗaya tana farko, ɗaya tana tsakiya, ɗaya tana ɗauke da mallaka. A yi mata jam'i. A furta ta da ƙarfi kamar mai karanta labarai a rediyo. Sai a ba wanda bai iya Turanci ba, a tambaye shi me ya fahimta, ba tare da an yi masa shimfiɗa ba. "Marubuciyar labaran bin diddigi ce." "Bin diddigin da ta rubuta bara ya fi na bana." Duk sun zauna. Kalmomi da yawa a gwaji na ƙarshe suke faɗuwa, saboda mai fassara yana jin Turancin a kansa, ya ɗauka kowa ma yana ji.

Na Damagaram: Malam Tafinta, kafin ku sha wahalar neman fassarar "cozy", ku duba yadda wasu suka yi. Mu nan da Faransanci muka san nau'in, "roman policier", a taƙaice "polar". Larabawa suka bi su suka ce "riwaya bulisiyya". Mutanen Italiya kuwa "giallo" suke cewa, wato ruwan ɗorawa, saboda kawai wani kamfanin ɗab'i ya fara fitar da irin waɗannan littattafai da bango ruwan ɗorawa a 1929. Babu wanda ya tsaya fassara kalmar Turanci. Kowa ya duba abin da ke gabansa ya sa masa suna. To me zai hana mu ara kawai, mu ce "kozi"? Gajere ne, ba ya karya harshe.

Malamar Adabi: Ɗan'uwa, aro halal ne idan abin ya shigo da sunansa, kamar mota da rediyo. Nan kuwa ko waɗanda suka yi boko ba kowa ya san kalmar a matsayin sunan nau'in littafi ba, ka ga an ara babu riba. Sai ka rubuta "kozi" sannan ka sake yin layi biyu kana bayani.

Fassarar kai tsaye ita ma ba ta fita. Kalmar a Turanci tana nufin ɗumi da natsuwar ɗaki lokacin sanyi, har rigar da ake sa wa butar shayi don kada ya huce da ita ake kiranta. Mutumin da ke fama da zafin Afrilu ba ɗumi yake nema ba. In ka ce "mai sanyi", an ɗauka labarin ba shi da armashi. In ka ce "mai daɗi", an ce kisan kai kake yabo. "Mai sauƙi" kuma ƙarya ce, don ƙullin wasu ya fi na littattafan 'yan sanda wuyar kwancewa.

Baba Mai Laburare: 'Ya'yana, kuna neman yadda za ku fassara abin da mai karatu ke ji a ransa. Ku bar wannan, ku dubi yadda labarin ke aiki.

Me ya sa tsohuwa ke gano abin da sufeton da aka turo daga birni ya kasa? Ba don ta fi shi ilimi ba. Ta san wanda ake bi bashi, ta san wadda aka fasa aurenta shekara talatin da suka wuce, ta san wanda bai taɓa fashin coci ba amma ranar bai je ba. Mutane na sakin baki a gabanta saboda ba sa ɗaukar ta a bakin komai. Shi ma mai laifin ba baƙo ba ne. Da a ce wani ɗan fashi ne ya biyo hanya ya yi kisa ya wuce, babu littafi. Dole ya zama mutumin da aka sha shayi da shi a babi na biyu. Hausawa sun riga sun gama maganar: da ɗan gari akan ci gari.

Don haka na ce "bin diddigin ɗan gari". Ku lura da ɗaurin. Ana iya karanta shi a matsayin bin diddigin da ɗan gari ya yi, ana iya karanta shi a matsayin bin diddigin da aka yi wa ɗan gari. A wani wurin wannan aibi ne. A nan duka biyun gaskiya ne.

Kuma kada a ce "na ƙauye". Kalmar tana jawo ƙauyanci, mai karatu zai sa ran a yi wa mutanen dariya. Ga shi kuma wurin ba dole ya zama ƙauye ba: unguwa ce, ko gidan tsofaffi, ko jirgin ruwa, duk inda aka killace mutane kaɗan da suka san juna.

Tafinta: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ya shige ni. Tambaya ɗaya: yawancin masu binciken mata ne. Ba za a ce "'yar gari" ba?

Edita: A sunan nau'i a bar shi "ɗan gari", kamar yadda ake cewa "'yancin ɗan Adam". A bayanin littafi guda sai a ce 'yar gari ce ta gano.

Tunda an taɓo jinsi, ga babban ramin da mai fassara irin wannan littafi ke faɗawa. Turanci na iya ɓoye jinsin mai laifi har shafin ƙarshe. Hausa ba ta yarda. Wanda aka kashe ya buɗe ƙofa ya ce "oh, it's you", mu kuwa dole mu zaɓi "kai ne" ko "ke ce". Idan mutum biyar ake zargi, uku maza biyu mata, ka rubuta "ke ce", ka wanke mutum uku a shafi na goma. Haka "makashi" da "makashiya", haka "ya fita" da "ta fita". Mafita uku ce. A yi amfani da "an" da "aka": "aka turo ƙofa", "an bi ta taga". Ko a koma jam'in girmamawa, "a'a, ku ne?", in dangantakar ta yarda da haka. Ko a sauya ginin gaba ɗaya: "Ashe baƙon na gida ne." "Wanda ya aikata" ana iya barin sa a bakin masu bincike, don Bahaushe na jin sa a matsayin na kowa, amma kada mai ba da labari da kansa ya yi ta nanata shi in mace ce, mai karatu zai ce an yaudare shi.

Sunayen dangi ma haka. "Uncle" ɗaya ce a Turanci, mu sai mun ce kawu ko baffa. In sirrin gado ya rataya kan ta wane ɓangare dangantakar take, kalma ɗaya ta tona shi. Dokar aikin ita ce a karanta littafin har ƙarshe, a rubuta jerin duk wurin da marubuci ya ɓoye wani abu da gangan, sannan a fara babi na ɗaya.

Barista: Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in gyara kalmomin shari'a, don a nan ake yawan cakuɗawa. "Suspect" shi ne wanda ake zargi. Sai an kai shi kotu an karanta masa laifi ya zama wanda ake tuhuma. A irin waɗannan littattafai kusan ba a zuwa kotu, saboda haka zargi ne daga farko har ƙarshe.

"Alibi" Latin ce, ma'anarta "a wani wuri". Ba uzuri ba ce, ba kuma hanzari ba. Uzuri na wanda ya amsa cewa ya yi ne. Wannan cewa yake ba ya ma wurin. A dokar Najeriya ana so mutum ya faɗe ta tun da wuri, tun a gaban 'yan sanda, ya ba da bayanin inda yake da waɗanda suke tare da shi, don a je a bincika. In ya ajiye ta sai a kotu, ƙarfinta ya ragu. Ina ganin "hujjar ba-na-wurin" ta isa. Abubuwa ukun da ake auna duk wanda ake zargi da su kuwa, dalili, da abin aikatawa, da sukuni. Marubucin kirki yakan ba kowa biyu daga cikin ukun, mutum ɗaya kaɗai ke da duka.

Malamar Adabi: Barista ya kyauta. Saura "clue" da "red herring", kuma a nan Hausa ta fi Turanci sa'a. Asalin "clue" ƙwallon zare ne, daga tatsuniyar Girkawa ta jarumin da ya shiga gida mai ruɗaɗɗun hanyoyi yana warware zare don ya gane hanyar fita. Mu kuwa kullum muna cewa an gano bakin zaren. To "bakin zare". Matsalarsa jam'i, don "bakunan zare" ba ya daɗin faɗa. In ana ƙirgawa sai a ce alamu.

"Red herring" kifi ne da aka banɗa har ya yi ja, mai ƙarfin wari. Wani ɗan jaridar Ingila, William Cobbett, ya yi amfani da shi a 1807 a labarin jan irin wannan kifi a ƙasa don karnukan farauta su saki sawun zomo. Kada kowa ya rubuta "jan kifi". Muna da "ɓad-da-sawu". A kiyaye kada a haɗa shi da ɓad-da-kama, wanda sauya siffa ne. Ɓad-da-sawu mai kyau gaskiya ce da aka yi wa mummunar fahimta: an ga mai kanti yana fita da tsakar dare, kuma da gaske ya fita, amma wurin caca ya je. In marubuci ya kafa shi bai dawo ya bayyana dalilin fitar ba, ya bar bashi.

Na Damagaram: Na janye "kozi". Amma mai binciken fa? "Amateur sleuth", wato mai binciken da ba sana'arsa ba ce. Ɗan sa-kai?

Baba Mai Laburare: A'a ɗana. Yau ka ce ɗan sa-kai a Katsina ko Zamfara, mutum mai bindigar gargajiya ake gani. Ka ce "mai bin ƙwaƙƙwafi". Kalmar na da ɗan zargi a cikinta, kuma haka ya dace, don 'yan sandan cikin labarin ma kallon mai shisshigi suke yi mata.

"Humorous" kuma raha ce. Barkwanci na mai neman a ƙyalƙyale da dariya ne. Zambo da habaici suna da wanda ake nufi da cizo. Rahar wannan nau'i daga halayen mutanen gari take fitowa, rigimar kwamitin coci, gasar wanda ya fi iya gasa kek, gulmar gidan waya. Sharaɗinta ɗaya, ba a yin ta a kan gawa ko masu makoki. Shi ya sa sau da yawa wanda aka kashe mutum ne da gari ya gaji da shi, don mai karatu ya samu damar murmushi, kuma masu dalilin kisan su yi yawa. Abin dariya na gaske shi ne in jerin littattafan ya yi tsawo, ƙaramin gari sai ya fi birni yawan kisa. Shirin talabijin na Amurka da aka yi daga 1984 zuwa 1996 a kan wani ƙagaggen garin bakin teku mai suna Cabot Cove har tsokanar sa ake yi da haka.

Tafinta: To mu koma rabi na biyu. Na ga wasu na rubuta "tarihin siyasa".

Malamar Adabi: Kuskure ne. Tarihin siyasa na ƙasa ne ko jam'iyya ko zamani, kamar a ce tarihin NEPU da NPC. "Biography" tarihin rayuwa ne, wannan ya zauna tuni. "Political biography" yana da fuska biyu. In littafin ya ɗauki rayuwar mutum gaba ɗaya tun daga haihuwa, "tarihin rayuwar ɗan siyasa". Irinsa ne na John Paden kan Sardauna Ahmadu Bello da aka buga a 1986, da na Trevor Clark kan Abubakar Tafawa Balewa a 1991, da na Alan Feinstein kan Malam Aminu Kano a 1973. In kuwa marubucin ya bar gida da iyali ya bi zaɓe da mulki da shawarwari kawai, "tarihin rayuwar siyasar wane". A bayanin marubuci, inda ba a ambaci mutum ba, sai a ce "yana rubuta tarihin rayuwar 'yan siyasa".

Wanda mutum ya rubuta da kansa, kamar na Sardauna na 1962, tarihin kai ne. "Memoir" ya fi shi ƙunci, yanki ne na rayuwa kamar shekarun ofis, kuma ba a neman ya kawo hujja kan komai. Ban ga abin da ya fi "abin da na tuna" ba, ko da yake ya yi tsawo.

Baba Mai Laburare: Kada kuma a ɗauko "sira" ko "manaƙibi" don neman gajarta. Sira a kunnen Bahaushe ta Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Manaƙibi na waliyyai da shehunai ne, ana ambaton falala da karamomi. Ɗora su kan gwamna rashin ladabi ne ta ɓangare ɗaya, zuga ce ta ɗaya ɓangaren. "Tarjama" da malaman zaure ke cewa ga taƙaitaccen tarihin malami daidai ce a wurinta, amma yawancin mutane fassara za su ji.

Barista: Akwai rabe-raben da ya kamata a nuna a bango, don mai saye ya san abin da ya saya. "Authorized" shi ne wanda aka rubuta da izinin mai shi ko iyalinsa: an buɗe wa marubuci takardu da wasiƙu, sau da yawa kuma an karanta kafin a buga. Ribar ita ce kayan aiki, hasarar ita ce bakin marubuci a ɗaure yake. A ce "da izini". Ɗayan kuma kada a ce "na ɓatanci", a ce "ba da izini ba", don rashin izini ba ya nufin ƙarya. Na ukun shi ne wanda ake fitarwa dab da zaɓe. Tsohuwar sana'a ce a Amurka: Nathaniel Hawthorne, marubucin ƙagaggun labarai, ya rubuta wa abokin karatunsa Franklin Pierce irinsa a 1852, Pierce ya ci shugabancin ƙasa, ya naɗa shi ƙaramin jakada a Liverpool. Wannan "littafin tallan ɗan takara" ne. In marubucin ya wuce gona da iri, muna da kalmarmu, bambaɗanci, amma ita ta mai sharhi ce, ba ta bango ba.

Edita: Malam Tafinta, ga jimlarka, ka gwada ta a kan wanda bai ga wannan zance ba: "Marubuciya ce ta labaran bin diddigin ɗan gari masu raha, tana kuma rubuta tarihin rayuwar 'yan siyasa." A gefen littafi, inda wuri ya yi kaɗan, "Bin Diddigi" kawai.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai so rubuta nasa a garin Hausa maimakon fassara. Littattafan Ingila sun dogara da cewa gawa na kwana da kwanaki, likita ya duba, a yi zaman binciken musabbabin mutuwa a bainar jama'a. A nan wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Bakin zaren ba zai fito daga rahoton likita ba. Sai dai daga wanda ya yi wankan gawa, ko daga zaman makoki na kwana uku, inda duk waɗanda ake zargi ke kan tabarma ɗaya.

Na Damagaram: Saura "whodunit". Na so in ce "wa-ya-aikata", amma bayan abin da Edita ya faɗa kan jinsi, ina tsoron "ya" ɗin.

Malamar Adabi: Bar shi haka, ɗan'uwa. Bahaushe in ya tarar an fasa tulu, "wa ya fasa?" yake tambaya, ko da kuwa mata ne kaɗai a gidan.